Muryar Mode Ta Yi Sanyi

Su biyar ne a gidan, a wata unguwa ta bayan tashar Bodinga: Mode, da matarsa Ramatu, da mahaifiyarsa Kaltume wadda yara ke kira Kaka, da 'ya'yansu mata biyu, Nana Fatima mai shekara tara da Jamila wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Ba su da rijiya. Wuta sai ta ga dama take zuwa. Ƙofar zaurensu tsohon kwano ne da aka ɗaure da waya. Abin da suka mallaka shi ne rudu ɗaya a bayan gida, wato 'yar rumfar karan da ake jibge albasa a ciki har ta yi daraja, sai kuma muryar Mode.

Muryar ba ƙarama ba ce. Idan ya yi sallama daga bakin lungu, kajin gida sukan watse, Jamila ta saki duk abin da ke hannunta ta nufi ƙofa tana tangaɗi. Nana Fatima ba ta taɓa buƙatar a gaya mata babanta ya dawo ba.

Da rana Mode yana ɗinke bakin buhunan albasa a tasha. Bayan la'asar kuma yakan haɗu da abokansa biyu a gindin rudu. Maniru yana bugun rabin duro da garwar mai da sandunan ƙarfe. Ubaidullahi, mai gyaran rediyo, ya sa wa gurminsa waya ya haɗa da lasifika da batirin mota, har gurmin ya koma yin ƙara kamar ana yanka kwano da zarto. Suka sa wa kansu suna 'Yan Tsawa. Waƙoƙinsu ba su wuce minti biyu, da gudu suke farawa, da gudu suke ƙarewa, kuma duk ihu ne a kan abin da ya dami gari: famfon da ya mutu, hanyar da ta lalace, takin da bai iso ba. Wadda aka fi sani ita ce ta ƙaramin asibitin unguwa:

"Ga gini, ina magani?
Ga allo, ina likita?
Kun shafa fenti kun tahi,
Fenti za mu sha?"

Ba wanda ya taɓa gayyatarsu biki. Amma a shagunan cajin waya ana tura waƙoƙin daga waya zuwa waya, 'yan kabu-kabu kuma suna sa su a kan hanyar Kajiji har ƙarar ta fi ta injin.

Kaka ba ta son abin ko kaɗan.

"Ɗan mutane shina waƙa a yi mai liƙi, nawa shina haushi a bayan gida," takan ce tana toshe kunne da gefen gyale. "Ramatu, mijin nan naki wata rana sai maƙogwaronai ya tsage."

"Kaka, ai gaskiya shika hwaɗi," in ji Nana Fatima.

"Ke rufe mani baki, mai kunnen zomo. Gaskiya da ihu aka hwaɗinta?"

Nana Fatima takan yi dariya ta koma gindin rudu. Aikinta ne taya babanta juya albasa kowane kwana uku. Shi ya koya mata: a sa hannu can ciki, a latsa wuyan kowace, wadda ta yi laushi a fitar da ita, domin ɗaya tak ta isa ta ruɓar da rudu. Yana aikin yana ƙirƙirar baiti, ita kuma tana yi masa amshi.

* * *

Bayan ƙaramar salla wani mutum ya zo daga Shagari a kan babur mai sheƙi. Sunansa Sodangi. Ya yi shekaru a birni, ya dawo da kwamfuta, ya buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a wani shago kusa da kasuwa. Ya zauna a kan buhu ya saurari 'Yan Tsawa har suka gama, yana murmushi.

"Mode, kana da murya, wallahi kana da murya," ya ce. "Amma wa zai yi rawa da zagi a gidan biki? Amarya ta hito a sa mata waƙar famfo? Ku zo mu yi kundi guda, waƙa takwas, masu sanyi, masu ratsa zuciya. Rediyo za ta sa ku. Mata za su san ku."

"Mu ba don mata munka fara ba," in ji Maniru.

"To don wa? Famfon an gyara? Shekara nawa kuna ihu?"

Mode ya dubi ƙofar kwanon da iska ke kaɗawa, ya dubi takalman Nana Fatima da aka ɗinke sau biyu. Kafin Sodangi ya tafi ya ji yarinyar tana rera wani amshi a bakin murhu, sai ya tsaya.

"Wagga yarinya hwa? Ku zo da ita. Muryar yaro tana ƙara wa waƙa zaƙi."

Haka aka yi Nana Fatima ta hau bayan babur zuwa Shagari wata Asabar da hantsi, tana riƙe da rigar babanta. Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da katifu da kwalayen ƙwai. Sodangi ya danna kwamfuta, wani kiɗa mai taushi ya fito, ba duro, ba garwa. Maniru ya tsaya da sandunansa a hannu.

"Ni ina zan buga?"

"Na'ura ta buga maka. Huta abinka."

Mode ya sa abin ji a kunne ya fara. Bai kai rabin baiti ba Sodangi ya tsayar da shi. Ya sake, aka sake tsayar da shi. Muryar tana tsere wa kiɗan kamar doki da ya ƙwace linzami, ga kuma dusashewar shekaru na ihu. Har aka yi azahar ba su sami baiti ɗaya ba.

"Ba ni iyawa," in ji Mode, yana share gumi. "Jinina ba ya tahiya a hankali."

"Kowa haka shika cewa ranar hwarko." Sodangi ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwan ɗorawa, ta maganin tari, ya juye ta cikin kwalbar lemo ya girgiza. "Sha wanga. Man maƙogwaro muke ce mai. Duk mawaƙan birni da kake ji, da shi suke aiki. Ba giya ba ce, Mode, magani na, likitoci ka rubuta shi."

Mode ya dubi kwalbar. Maƙogwaronsa na yi masa zafi da gaske, kuma abin da aka rubuta a jiki maganin tari ne. Ya yi bismilla ya sha.

Bayan kamar rabin sa'a kafaɗunsa suka sauka. Idanunsa suka yi ƙasa-ƙasa. Da ya buɗe baki, sai wata murya ta fito wadda Nana Fatima ba ta taɓa ji ba, mai ja, mai laushi, kamar zuma na zuba daga ludayi:

"Zo mu zauna inuwar dogonyaro,
Rana ta yi, ki huta, abar ƙaunata."

Sodangi ya ɗaga mata hannu, ta matso ta yi amshin da aka koya mata: "Sannu-sannu, iska na kaɗawa."

"Shi ke nan!" Sodangi ya buga tebur. "Wanga shi na kuɗi!"

A hanyar komawa babur ya riƙa karkata zuwa gefen titi, Mode yana dawo da shi. Da suka kusa gida ya tsaya, ya juyo.

"Ɗiyata, batun kwalbar nan, kar ki hwaɗa ma Innarki. Maganin maƙogwaro na, kar hankalinta ya tashi a banza. Kin jiya?"

"Na jiya, Baba."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

* * *

Wata uku aka yi ana ɗaukar kundin. Aka sa masa suna Inuwar Dogonyaro. Maniru ya daina zuwa tun a mako na uku. Ya mayar da rabin duronsa mazubin ruwan awaki. Ubaidullahi ya cire wa gurmi waya, ya koyi kaɗa shi a hankali. Tun kafin a gama, waƙa biyu suka fita, aka fara jin su a keke-napep da gidajen biki daga Bodinga har Mandera. Mutane suka ce 'Yan Tsawa sun girma, sun san abin da suke yi.

A gida ma an ga canji. Mode ya daina sallama daga bakin lungu. Sai dai a ga ya shigo, ya nemi tabarma, ya jingina da bango. Ba ya faɗa, ba ya dariya mai ƙarfi, abinci kaɗan yake taɓawa. Jamila ta daina gudu zuwa ƙofa, domin ba abin da ke sanar da ita.

Kaka ta sa aka dafa gero da wake ta raba wa maƙwabta sadaka.

"Shekara goma ina roƙon Allah Ya sanyaya min yaron ga," ta ce wa matan da suka zo karɓa. "Ku dube shi yanzu. Ko ƙuda ba ya korewa da ƙarhi."

Ramatu ta ci gaba da zuba musu sadakar. Amma da suka tafi ta zauna kusa da mijinta.

"Baban Nana, lahiya kake kuwa? Barcin ga ya yi yawa."

"Gajiya ta. Aikin waƙa ba wasa ba ne."

"In ciwo na, mu tai asibiti."

"Wane asibiti?" Ya yi ɗan murmushi, idonsa a lumshe. "Ga gini..." Bai ƙarasa ba.

Albasa kuwa ba wanda ya juya ta. Nana Fatima ta jira kwana uku, ta jira shida, sannan ta shiga rudu ita kaɗai. Wari ya tare ta tun daga baki. Ta sa hannu can ciki kamar yadda aka koya mata, yatsunta suka nutse cikin ruɓaɓɓiya, sannan suka taɓa wani abu mai santsi. Ta jawo. 'Yar kwalba ce mai ruwan ɗorawa, babu komai a ciki. Ta sake sa hannu, ta jawo wata, da wata. Ta tsaya tana kallonsu a kan cinyarta. Sai ta tuna alkawari, ta mayar da su inda suke, ta rufe da albasa.

* * *

Da damina ta yi nisa Jamila ta kama tari. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya da zazzaɓi, ƙirjinta yana lotsawa idan ta ja numfashi. Ramatu ta goya ta zuwa ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar da ta samu ta sa abin awo a ƙirjin yarinyar ta ce sanyi ne ya shiga huhu, amma babu maganin a wurinsu. Ta rubuta a takarda, ta ce a saya a kemis, a ba ta cokali ɗaya sau uku a rana har kwana biyar, in ba sauƙi a wuce babban asibiti.

Ramatu ta dawo da kwalba mai jan ruwa, ta ajiye a kan taga, ta ba Jamila cokali biyu a ranar.

A makon ne aka kama mai kawo wa Sodangi kaya, man maƙogwaro ya yi wuya. Kwana biyu Mode bai samu ba. Jikinsa ya riƙa rawa, yana hamma yana hawaye, yana sosa hannuwa har suka yi fari. Ga shi saura kwana huɗu a ƙaddamar da kundin a Shagari.

Washegarin sayo maganin da hantsi Ramatu ta tafi ɗebo ruwa, Kaka na barci a ɗakinta. Nana Fatima ta shigo daga wanke-wanke, sai ta ga babanta tsaye a bakin taga, kwalbar Jamila a bakinsa, kansa a ɗage. Ya shanye tas. A wurinsa duk jan ruwan da aka ba mai tari abu ɗaya ne. Ya tsaya yana jiran ya ji abin da ya saba ji, bai ji komai ba. Ya duba kwalbar, ya duba yarinyar da ke kwance tana numfashi sama-sama, fuskarsa ta canza. Da sauri ya ɗauko ragowar zoɓon da Ramatu ta jiƙa, ya tace, ya zuba sukari, ya cika kwalbar ya rufe.

Da ya juyo suka haɗa ido.

"Gobe in sayo wani in musanya," ya ce. "Gobe-goben ga. Ba wanda zai sani. Nana, ke ɗiyar alkawari ta, ko ba haka ba?"

Ta gyaɗa kai.

Gobe ta zo, Sodangi ya aiko a kira shi gwaji, kuma a can ya sami abin da yake nema. Ya dawo da la'asar a lumshe, ya jingina da bango. Nana Fatima ta tsuguna kusa da shi.

"Baba, maganin Jamila."

"Na sani. Gobe."

Sau uku a rana Ramatu takan girgiza kwalbar, ta yi bismilla, ta ɗura wa Jamila cokali. Sau uku a rana Nana Fatima takan tsaya ta kalla, hannunta a baya. Tana son ta yi magana, sai ta ga kamar idan ta buɗe baki gidan zai rushe a kansu, kuma ita ce ta rushe shi. Ta riƙa gaya wa kanta cewa babanta bai taɓa yi mata ƙarya ba, gobe zai sayo.

"Yau kwana uku, ba ni ga sauƙi ba," in ji Ramatu.

"An ce maki biyar," in ji Kaka. "Magani ba tsafi ba ne. Ki cika kwanakin. Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri. Ki yi koyi da ɗiyarki, dubi yadda ta natsu kwanan ga."

Ranar ƙaddamarwa Mode ya sa sabuwar shadda fara, ya tafi Shagari tun da safe. An so a tafi da Nana Fatima don amshi, ta ce cikinta na ciwo. Wajen azahar Jamila ta daina kuka. Leɓunanta suka yi duhu, hancinta yana buɗewa yana rufewa. Ramatu ta ɗauko kwalbar, ta cika cokali.

"Inna, kar ki ba ta."

"Mi kika ce?"

"Zoɓo na." Maganar ta fito da ƙyar, sauran kuma suka biyo da gudu. "Baba ya shanye tun ran Talata, ya zuba zoɓo, ya ce zai sayo wani, ya ce kar in hwaɗa. Akwai kwalabe cikin rudu."

Ramatu ta kai cokalin bakinta ta ɗanɗana. Ba ta yi ihu ba, ba ta dubi Nana Fatima ba. Ta saɓa Jamila a kafaɗa ko goyo ba ta tsaya yi ba, ta fita ba takalmi tana kiran mai keke.

A babban asibiti sun yi abin da za su iya. Likitan ya tambaya me ya sa aka bari har yanzu, Ramatu ta ce ana ba ta magani, ba ta ambaci zoɓo ba. Kafin la'asar sakaliya Jamila ta cika. A daidai lokacin, a Shagari, ana ɗora wa Mode hula a gaban jama'a, Sodangi yana faɗa a lasifika cewa wannan kundi ya nuna yaran sun bar hauka sun kama hankali.

* * *

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maza suna zuwa suna gaisuwa, suna addu'a, suna tashi. Mata sun cika tsakar gida. Ramatu tana ɗaki fuskarta ga bango, ba ta yi wa kowa maganar kwalba ba. Tun jiya dai ba ta yarda ta haɗa ido da mijinta ba, kuma ta ɗaure kayanta a zane ta tura ƙarƙashin gado.

Nana Fatima ta zauna a bakin zaure, inda take ganin babanta ta tsagar kwano. Yana tsakiyar tabarma, jingine da bango, kansa a ɗan karkace. Duk wanda ya ce masa "Ya haƙuri?" sai ya ɗaga ido a hankali ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki," ya mayar da idon. Ba hawaye, ba rawar murya. Ɗazu da safe ta gan shi ya zaga bayan gida wajen rudu, ya dawo yana share baki.

Maniru ya zo, ya tsuguna a gabansa ya daɗe yana kallonsa. Ya kama hannunsa ya girgiza da ƙarfi.

"Mode. Kai Mode! Jamila ta hwa. Yi magana mana. Yi ihu, don Allah."

"Bar shi, yaro," in ji wani dattijo. "Tawakkali kenan. Ba kowa Allah ka ba irin wanga ba."

Maniru ya saki hannun, ya tashi ya tafi bai yi sallama ba.

Daga cikin gida Nana Fatima tana jin Kaka tana gaya wa mata, cikin kuka, cewa da a da ne wannan abu ya faru, da Mode ya tara musu unguwa da kururuwa, amma ku dubi yadda Allah Ya shirye shi kafin Ya jarrabe shi.

Wani keke-napep ya shigo lungun ya sauke masu gaisuwa. Mai keken bai lura da tabarmi da wuri ba, rediyonsa na kunne. Muryar nan mai laushi ta cika lungun, tana kiran a zo a zauna inuwar dogonyaro, sai kuma wata 'yar siririyar murya ta amsa, sannu-sannu, iska na kaɗawa. Mutumin ya yi sauri ya kashe. Wata mata da ke shiga gida ta dafa kan Nana Fatima.

"Ke ce mai amshin ga ko? Allah Sarki. Yarinya mai hankali, shiru-shiru kamar babanta."

Nana Fatima ta ci gaba da kallon babanta ta tsagar kwanon, tana jira ko sau ɗaya muryarsa ta dā ta fito, wadda ke watsa kaji, ko da a kanta za ta sauka. Ƙuda ya sauka a gefen bakinsa ya yi ta yawo, bai kore shi ba.

A nan ta gane cewa babanta ba haƙuri yake yi ba. Ba ya jin komai ne. Ta kuma gane cewa shirun da ake yaba musu, shi da ita, shi ne ya kashe Jamila.